Giwa Ba Ta Bin Kalandar Hutunka

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon finafinanmu ne, ka san yadda daraktoci suke son damina. Da an zo wajen waƙa sai ka ga an kwashi jarumi da jaruma an kai su daji, ciyawa kore shar, duwatsu sun wanku, ruwa na gangarowa. Tun muna kallo a kaset wannan hoton ya zauna mini a kai, har na ɗauka cewa duk mai son ganin daji da abin da ke cikinsa, to ya bari sai ruwa ya sauka. Wannan zato shi ya ja mini asarar da har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shekara hamsin a Unguwar Kanawa amma bai taɓa ganin giwa da idonsa ba. Kullum labarinta yake ba mu, wanda shi ma daga bakin kakansa ya ji. Sai na yi masa alkawarin zan kai shi Yankari. Na shiga intanet na ga ana cewa lokacin da ya fi dacewa da kallon namun daji a Afirka shi ne Yuli zuwa Oktoba. Ga hutuna ya faɗo a Agusta, ga abin da na saba gani a fim. Na ce shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Ɗan nan, da ka bari sai bazara." Na ce, "Haba Baba, ai Turawa ma yanzu suke zuwa." Ya yi murmushi kawai, ya ce Allah ya kai mu.

A watan Agustan 2017 muka hau mota a tashar Kawo, muka bi ta Saminaka zuwa Jos, daga nan Bauchi, sai hanyar Gombe, muka karya kwana a Dindima. Kai, daji ya yi kyau! Ya ma fi na fim. Amma kwana biyu muna zagayawa cikin mota, ciyawa ta fi tsayin mutum, wasu hanyoyin sun zama taɓo, ƙudan tsando na ta gasa mana cizo. Abin da muka gani bai wuce gwaggon biri da mugun dawa ba, su kuwa ko a bakin masauki suna nan. Giwa sai dai kashinta a kan hanya. Baba ya sauko ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "To, aƙalla na san tana nan."

A hanyar dawowa ya yi mini bayanin da ya kamata in saurara tun farko. Ya ce dabba ruwa take bi. Da damina ko'ina akwai tafki da kududdufi, me zai kawo ta bakin hanya? Sai rani ya yi nisa, ruwa ya ƙafe, sannan dole kowa ya gangaro inda ya rage.

Haka abin yake kuwa. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ka ga neman garke ɗaya a irin wannan fili cikin duhun ganye ai wahala ce. Amma Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma da rani can dabbobi suke taruwa. Shi ya sa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin zuwa. A Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗi, ya fi sauƙi ga tsoho da yaro, sai dai hazo kan dusashe hoto. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne ba na wasa ba, amma a nan ne rabon ganin giwa da ɓauna da gwanki ya fi yawa. Ka fita da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, da rana tsaka kowa na inuwa. In zafi ya ishe ka, ga ruwan Wikki nan, wanda ɗuminsa ba ya sauyawa daga kimanin digiri 31, rani da damina.

To ina batun Yuli zuwa Oktoba? Ba ƙarya suka yi ba, ni ne ban karanta da kyau ba. Maganar Kenya da Tanzaniya suke yi, inda a waɗannan watanni ake rani, garkunan dabbobi na ƙaura daga Serengeti zuwa Masai Mara. Raninsu shi ne daminarmu. Afirka ba gari ɗaya ba ce.

Na ce wa Baba za mu koma da bazara. Bazarar 2018 ta zo, kuɗin makaranta da na haya suka taso, na ce sai baɗi. Da kaka ya kwanta, bai tashi ba.

A watan Maris na 2019 na koma da 'ya'yana biyu. Ran da muka isa, da yamma, a gangaren Gaji, sai direba ya kashe mota ya ɗaga hannu. Ga su nan sun fito daga cikin busassun itatuwa, manya da ƙanana, ƙura na tashi, ba sa ko kallonmu. 'Yar ƙaramata ta riƙo rigata ta ce, "Abba, wannan ce ta Alhaji?" Ban iya ba ta amsa ba.

Saboda haka mai karatu, in kana da niyya, bar wa 'yan fim daminarsu, su kore suke nema. Kai da kake neman giwa, fara tanadi tun kaka, ka tambayi lafiyar hanya, ka tafi da rani. In kuma akwai wani dattijo da ka yi wa alkawari, kada ka ce sai baɗi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.