Ba A Sarki Biyu Zamani Ɗaya: Yadda Muka Raba Wa Amfilifayoyinmu Aiki

Mu biyar ne, 'yan aji biyar a sakandare, duk mazauna Sharada. A dogon hutun da ya wuce, huɗu daga cikinmu sun yi aikin ɗaure kaya a wani kamfanin robobi, ɗaya kuma ya yi dako a wata majema da ke Challawa. Da muka haɗa abin da muka samu, sai muka je France Road a Sabon Gari muka sayi sifika huɗu na hannu, manya biyu, ƙanana biyu. Amfilifaya kuwa biyu gare mu: babba mai aiki da wutar gida, bolt 230, da wata ƙarama irin ta mota mai aiki da batir, bolt 12.

A nan gardama ta tashi. Wasu suka ce a zuba wayoyin amfilifayoyin biyu a bakin sifika ɗaya don ƙarfi ya ninka. Wasu suka ce a jera duka huɗun a kan babbar. Tun da gumin wata biyu ne a ƙasa, ba mu jona komai ba sai da muka je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya daɗe yana aikin lantarki a wata masaƙa a Bompai kafin a rufe ta.

"Samari, ba a sarki biyu zamani ɗaya," in ji shi. Ya ce in bakin amfilifaya biyu ya haɗu a waya ɗaya, kowace za ta tura wuta cikin 'yar'uwarta, sai ɗaya ta ƙone ko duka.

Shawara ta biyun ma lissafi ya rushe ta. Kowace sifikarmu om 8 ce. In aka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya sun koma om 4, huɗu kuma om 2. Duk sanda om ya ragu, amfilifaya na jan wuta da yawa, tana zafi. A bayan tamu an rubuta kada a sauka ƙasa da 4.

"To Baba, yaya za mu yi?" muka tambaya. Ya ce a raba aiki. Babbar ta riƙe manyan sifikun masu kakkauran amo, ƙaramar ta riƙe ƙananan masu siririyar murya, kowace sifika da layinta. Muka ƙara sayen na'urar raba sauti, wadda ke tura wa kowace amfilifaya rabonta. Ranar da babu wuta, ƙaramar kaɗai muke kunnawa da batirin sola, ta ishe mu sauraron labarai da karatu.

Ya kuma ja mana kunne kan lambar wat da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali. In an sa PMPO, talla ce kawai. Adadin RMS shi ne ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai. Kuma da zarar sauti ya fara karcewa a rage, domin nan ne ƙananan sifiku ke ƙonewa.

Doka ɗaya mu muka kafa wa kanmu. Maƙwabtanmu da dama aikin dare suke yi a masana'antu, da hantsi suke samun barci. Saboda haka manyan sifikun ba sa tashi sai bayan La'asar, kuma da kiran Magariba muke kashewa.