Ranar da Aka Kama Babur ɗin Auta

Ni ɗan kasuwar albasa ne. A Nima aka haife ni, mahaifina kuwa daga ƙasar Sakkwato ya zo Ankara da fatauci tun kafin Gana ta samu 'yancin kai a 1957. Shekara da shekaru a Agbogbloshie muke sauke albasar Galmi, har watan Yuli na 2021 da gwamnati ta tashe mu ta mayar da mu Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman. Tafiyar ta yi nisa, masu saye kuma suna cikin gari. Wannan ne ya sa na sayi babur Boxer sabo dal, na yi masa rajista a DVLA da sunana, na yanki inshora, na miƙa wa autana makulli don ya riƙa karɓo min kuɗi wurin mata masu sari a Nima da Maamobi da Mallam Atta.

Wata uku na farko lafiya lau. Daga nan babur ya fara sauya kama. Madubai suka fara ɓacewa, wai suna hana shi kurɗawa tsakanin motoci. Sai salansa: aka fasa cikinta, ta koma ƙara kamar injin niƙa. Sai wasu fitilu shuɗi da ja masu walƙiya, sai lambar baya da aka lanƙwasa sama yadda ba mai iya karantawa. Duk na gani. Na yi faɗa sau ɗaya ko biyu, ya ce, “Baba, kowa haka yake yi.” Na yi shiru, don kuɗina na zuwa a kan lokaci. Ni kaina ma na kai babur ɗin wurin mai walda aka ƙara masa faffaɗar kariya don ɗaukar buhu. Da wane baki zan yi wa'azi?

Abin da ban sani ba shi ne ya canza inji. Ya tara kuɗinsa, wani fita ya samo masa tsohon inji mai ƙarfi, suka sauke na asali suka ɗora wancan.

Ana saura kwana huɗu Babbar Salla aka kira ni da azahar. 'Yan sandan hanya sun tare shi a shinge, sun ɗora babur a mota, shi kuma yana ofishinsu. Na bar yaran shago na kama hanya. Ina zuwa na tarar da babura jibge a fili, sun fi a ƙirga, iyaye da iyayen gida na ta kai-komo. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, “Alhaji, ka nemi na goro ka ba su, a wuce wurin.” Ban ɓoye muku ba, hannuna ya kai aljihu.

Jami'in da ke riƙe da maganar ya zaunar da ni, ya buɗe takarduna, ya nuna min lambar inji da ke rubuce. Sannan ya kai ni wurin babur ya goge maiƙo da tsumma. Lambobin ba su yi daidai ba. Ya ce madubi da salansa da fitila laifin hanya ne, kotu za ta ci tara. Amma inji da ba a san asalinsa ba wata magana ce dabam, domin ɓarayin babur sukan wargaza shi su sayar gunduwa-gunduwa. In ba mu kawo shaidar saye ba, binciken kayan sata za a buɗe, kuma sunana ne a takarda. Nan na cire hannu daga aljihu. Na goro zai iya fitar da babur yau, amma injin na nan, gobe wani shingen ne.

Kwana biyu muka yi muna neman fitan nan. Da ƙyar ya kai mu shagon da ya sayo injin a Abossey Okai. Allah ya taimake mu mai shagon mutum ne mai ajiye littafi. Ya nemo kwafin rasit ɗauke da lambar injin, ya kuma yarda ya bi mu. Da wannan aka sauke maganar sata. Sauran laifuffukan kuwa sai da muka tsaya gaban alƙali bayan Salla, Auta ya amsa, na biya tara. Sallar bana a ƙafa ya yi ta. Kuɗin da na tanada don ɗinkin ƙannen matarsa ta gaba da kayan gaisuwa, rabinsu can suka tafi, mahaifiyarsa kuma ta yi mako ba ta yi min magana mai daɗi ba, don ta ce ni na sake masa.

Bayan haka na sa wani ɗan maƙwabcinmu da ke karatun lauya ya karanta min dokar ya fassara. Uwar dokar ita ce ta hanya ta 2004, wadda ake kira Act 683, sai ƙa'idojinta na 2012, L.I. 2180. A ciki an keɓe jiniya ga motocin shugaban ƙasa, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, motar asibiti da makamantansu. Dole lamba ta fito fili a karanta ta. Dole direba da wanda ya goya su sa hular kwano. Ƙa'idojin nan ne kuma a 2012 suka hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, wato okada, abin da ya zama maganar siyasa har John Mahama ya yi alkawarin halatta shi a yaƙin zaɓen 2020. Ba a hana ka gyara babur ɗinka ko ka sa masa sabon kaya ba. Abin da ake bi shi ne kada gyaran ya ɓoye shaidar abin hawa, kada ya cutar da mutane, kada kuma ya sa ka yi kama da hukuma.

Ina da nawa ƙorafin. Kamen yakan zo ne kamar ruwan bazara: a yi wata da watanni ba a ce wa kowa komai ba, sai rana ɗaya a kwashe na kowa, mai laifi da marar laifi su kwana a fili ɗaya. Tun da 'yan sanda suka fito da shirin PAARI a 2022 an ga sauyi wajen tsayawa a jan wuta, amma yaro na ganin manyan motoci na keta cunkoso da jiniya ba a tare su. A 2024 har an kai wa majalisa gyaran da zai ba ministoci da 'yan majalisa damar sa jiniya, sai da jama'a suka yi ca aka janye. Yaron da ya ga haka, wuya ne ka gamsar da shi cewa fitilarsa ce matsalar ƙasa.

Duk da haka, ba ɗan majalisa ne ke kwana a lungunmu ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu mai hawan jini ce, kuma sai bayan an kama babur ɗin ta gaya min cewa duk dare in Auta ya dawo sai gabanta ya faɗi. Shekara guda tana haƙuri saboda kunyata. Wannan ya fi tarar yi min ciwo.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, in ka saya wa yaro babur da sunanka, ka riƙa zagaya shi da idonka ko da sau ɗaya a mako. Duk abin da za a canza mai lamba, inji ne ko firam, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sunan shago, a je DVLA a gyara takarda, a kuma sanar da kamfanin inshora, don kada ranar tsautsayi su ce ba wannan babur suka sani ba.

Mun mayar da injin asali, da ma yana ajiye a shagon fitan. Auta da kansa ya sayo madubai biyu ya ɗaura. Ni ma na sa aka rage kariyar nan tawa. Yanzu in ya dawo da dare ba na jin shigowarsa sai ya yi sallama.