Marfin Ƙarƙashin Dashbod

Peugeot 504 haɗin Kaduna, ita kaɗai Baba ya bar mana. Tun rasuwarsa marfin ƙarƙashin dashbod yake lilo, wayoyi suna taɓa ƙafa. Yaya ya ce a sayar da ita kawai.

Ranar Asabar na kwanta rigingine da sukundireba. Na ɗaure notin farko tamau, sauran ramukan suka ƙi daidaita. Da na matsa, tsohuwar robar ta tsage. Sai na tuna yadda Baba yake yi: ya tura wayoyin baya, ya saka kowane noti sako-sako, sannan ya bi su ɗaya-ɗaya yana ɗaurewa.

Marfin ya zauna daram. Tsagar tana nan. Yaya ya leƙa, bai sake maganar sayarwa ba.