Abin da Kallabi Ya Rufe

A Nima da Maamobi, mace takan sauya tela, amma da wuya ta sauya makitsiya. Kan da kallabi ya ɓoye wa duniya, a cinyarta ake ɗora shi. Ita ke fara ganin furfura. Ita ke tattara gashin da ya zube ta damƙa wa mai shi, gudun kada ya faɗa mugun hannu.

Mu dai makitsiya ɗaya muka sani a gidanmu, tun ana biyanta da dubban sidi, kafin canjin kuɗi na 2007 ya mai da dubu goma sidi guda. Ran Laraba take zuwa, in ta taso daga kasuwar Nima.

Shekarar da mahaifiyarmu ta soma zarya asibitin Korle Bu, cewa ta yi hawan jini ne. Sai makitsiya ta koma zuwa bayan Isha'i, su rufe ƙofa. Ashe maganin ciwon daji ya kwashe gashin. Babu abin kitsawa. Man kaɗanya kawai take shafa mata, ta ɗaura mata kallabi yadda ba mai ganewa. Wata huɗu ana haka.

Da muka gane, ranmu ya ɓaci ƙwarai. Muka ce, "Inna, ko mu?"

Ta ce, "'Ya'yana, kan ba nawa ba ne, balle maganarsa."

Babbar yayarmu ba ta sake zama gabanta ba. Tana da hujjarta. Mu ukun da muka rage, duk Laraba muna shimfiɗa mata tabarma.