Haɗarin da Ke Ɓuya Bayan Motar da Ta Tsaya

Samarin da nake koya wa tuƙi a Tofa, a fili ko a hanyar gona suke fara riƙe sitiyari, inda abin tsoro bai wuce akuya da amalanke ba. Da zarar mun hau titin Gwarzo, mun wuce Janguza da sabon matsugunin Jami'ar Bayero mun doshi Kabuga, sai idonsu ya kafe a kan tirela. Ni kuwa tirela ba ta cika yaudarata ba. Tun daga nesa take sanar da zuwanta.

Shi ya sa nake raba musu haɗarin cikin gari gida uku. Na fili, wato danja da shataletale da babbar mota, sanin doka da haƙuri sun ishe shi.

Sai masu sauya shawara nan take, jagoransu ɗan Adaidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, 'yan Adaidaita ne suka cika titi, kuma hankalinsu na wajen fasinja, don nan abincinsu yake. Nakan ce wa yaro: "Ɗana, daina kallon bayan keken, kalli bakin titi. In ka ga wata ta ɗaga hannu, ɗauka ya riga ya tsaya, ko da bai ba da sigina ba."

Na ukun shi ke hana ni barci: wanda ba ka gani sam. Bas ta tsaya sauke fasinja, 'yar talla ko almajiri ko ɗan Islamiyya ya ɓullo ta gabanta a guje. A gudun kilomita 50 cikin awa, mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma daƙiƙar kan ƙare kafin ƙafa ta bar totur ta taka birki. Hon ba ya maganin wannan. Ina sa su ɗaga ƙafa daga totur tun kafin su iso, su ba motar tazara, su leƙa ƙarƙashinta ko za su hango sawu. Bayan sallar Juma'a da gab da buɗa baki a watan azumi, nakan sa su rage gudu fiye da haka.

'Yan KAROTA da jami'an Road Safety laifin da ido ya gani suke kamawa, kuma aikinsu ke nan. Wannan na ukun kuwa yana wuyan mai koyarwa. Ba na sakar wa yaro makulli sai ya riƙa nuna mini da bakinsa, muna tafe, duk inda mutum zai iya fitowa.