Gargaɗin da na yi ta tsallakewa

1/ Jama'a, ku zo ku ji yadda Python ta koya min hankali. 🧵

2/ Akwai wata 'yar manhajar rajistar ɗalibai da na rubuta wa wata makaranta, da cgi na gina ta. Tun Python 3.11 nake ganin gargaɗin cewa za a cire cgi ɗin. Kullum sai in ce "gobe na gyara".

3/ Oktoban 2024 aka saki 3.13. Da daddare na sabunta, ko gwaji ban yi ba. Gari na wayewa rajista ta tsaya cak. Iyaye a layi, shugaban makaranta sai kirana yake.

4/ Na so in ɗora wa masu Python laifi, amma ina! Duk Mayu suke fitar da beta, daga nan ba ƙarin sabon abu, sai gyara. Wata biyar suna roƙon a gwada, a kai rahoto. Yawancinsu ma 'yan sa-kai ne.

5/ Yanzu beta na fitowa nake gwada aikina a kai. Kai ma in mutane sun dogara da manhajarka, don Allah kar ka jira Oktoba.