Ranar da Fijo Biyu Suka Kara a Hanyar Baure

Ina aji biyar a firamare, a 1976, Yaya ya shigo Babban Mutum da sabuwar Fijo 504 fara sol, ko ledar kujeru bai cire ba. Ma'aikaci ne a Kaduna, kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka yi masa rana. Ya ce a Kakuri aka harhaɗa ta, a kamfanin da aka buɗe bara.

Kafin ranar, motar Kawu ce sarauniyar unguwarmu: tsohuwar 404 ruwan toka da ya sayo na hannu daga wajen Magarya. Fitilunta zagayayyu kamar idon mujiya, bayanta da 'yan fukafukai, giyarta a jikin sitiyari. Ta Yaya kuwa idanu masu kusurwa, bayanta a zube, in ta faɗa rami sai ta yi lilo kawai.

Gardama ta kaure a gindin darbejiya. Yaya ya ce irin tasa ce ta ci tseren Safari a Kenya a 1975. Kawu ya yi shiru, don ba shi da amsa. Sai da na girma na karanta cewa 404 ta ci wannan tseren har sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Da Kawu ya san haka, da garin bai yi barci ba.

Bayan la'asar suka hau hanyar Baure don su kara. Na ga Kawu ya tsuguna da tsinken ashana yana rage wa tayoyinsa iska. Yaya na dariya.

"Kawu, tun yanzu ta fara faci?"

"Je ka dai, ɗana."

504 ta tashi kamar an harba kibiya, ta bar mu cikin ƙura. Ni ina bayan 404, raina a ɓace. Can a wani kwari mai yashi muka tarar da ita ta nutse har ciki, tayoyin baya na ta haƙa. Kawu ya sa giya ta biyu, ya bi ta gefe a hankali, har da ɗaga hula.

Mu muka tura 504 ɗin, da kara a ƙarƙashin tayoyi. Da ta fito, Yaya ya miƙa wa Kawu makulli. Kawu ya zauna, ya danna kujerar sau biyu.

"Kai, wannan ai katifa ce."

Ya kai hannu gefen sitiyari zai sa giya, ya damƙo iska.